Zoben Kanwa a Bakin Bututu

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba, ga shi har damina ta shiga ta fita. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar garejinmu a Dutse sai ya ce, "Ya'u Anya, ba mu labari." In na fara a katse ni, in na gama kuma in wuni ina tunanin ko na ƙara wani abu ko na rage. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, in duba da kyau, mai so ya karanta. Karatuna bai wuce firamaren Aujara ba, sai a yi haƙuri da abin da aka gani. Sunan kamfanin da sunan garin ba zan faɗa ba, don ban nemi izininsu ba.

Anya ba sunan yanka ba ne. An laƙaba mini shi ne don ba a gama magana a gabana ban ce "anya kuwa?" ba. Nakan kulle ƙofa in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon. Alwala ma sai da malaminmu na Aujara ya zaunar da ni, ya ce mutumin da kokwanto ya aura irina ba a aiki da kokwantonsa. In na wanke to na wanke, in wuce. Ina ƙoƙari.

Maigidana Alhaji Sabo Bakano ne. Ya daɗe yana gyaran injuna a masaƙun Kano. Da masaƙun suka fara rufewa, aka kuma yi sabuwar jiha, sai ya tattaro ya dawo Dutse ya buɗe garejin walda da gyaran famfon burtsatse. Cikin abin da ya taho da shi akwai famfon hannu na gwaji da gejinsa mai nuna ƙarfin ruwa, a wani akwatin katako da ba ya yarda kowa ya zauna a kai.

Wani direban babbar mota, Ɗanjuma, mai dakon man gyaɗa daga ƙasar Damagaram, shi ya kawo maganar. Ya ce kamfanin da yake ɗaukar wa mai sun sake wa injin sanyaya mansu bututai, suna neman wanda zai gwada aikin, nasu famfon ya mutu. Alhaji ya ce da ni zai tafi.

Na ce, "Anya kuwa, Alhaji? Ban taɓa wuce Gumel ba."

Ya ce, "Idona ya fara gajiya, aikin nan kuwa na ido ne. Kai da kake duba kwaɗo sau uku, yau an sami inda ciwonka zai yi rana."

Ga waɗanda ba su san injin ba: wata doguwar ganga ce ta ƙarfe a kwance, ta fi tsawon mutum biyu. A cikinta akwai ƙananan bututai jere kamar damin kara. A kowane ƙarshe an cusa bakunansu cikin wani faifan ƙarfe mai kauri, mai huda-huda kamar saƙar zuma. Man da aka dafa yana bi ta cikin bututan da zafinsa, ruwa yana zagaye su ta waje a cikin gangar. Zafi kaɗai aka yarda ya tsallaka, mai da ruwa ba sa haɗuwa. Abin da ya raba su shi ne bakin kowane bututu, inda ake zura wani ƙarfe da muke kira rola a buɗa shi ta ciki har ya kama bangon hudar gam. In baki ɗaya bai kama ba, ruwa ya sami hanya. Ruwan kuwa na wani kwatamin siminti ne da ke bayan kamfani, kore shar, shi zai shiga man da mutane za su ci.

Mun tashi da bazara, lokacin wahalar fetur. A tashar Dutse aka ɗora akwatin a saman bas, amma geji na ce ba zai hau sama ba. Na naɗe shi da zanen maiɗakina na rungume a cinya. Kafin mu kai Kiyawa wata tsohuwa da ke gefena ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, jinjirin bai ko motsi, lafiya?" Na buɗe mata. Wani dattijon Bafulatani a bayanmu ya hango fuskar gejin ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce ba agogo ba ne. Ya ce to me ya sa yake da hannu. Na yi masa bayani tun daga Jahun har Gujungu, da za mu sauka ya ce, "To, Allah ya sa a gyara maka shi."

A Gujungu muka sake mota. Fetur ya ƙare mata a bayan Gumel, direba ya hau acaɓa neman 'yan bumburutu, muka zauna a gindin wata aduwa har azahar ta wuce. Ranar kasuwar Maigatari ce, shanu da raƙuma sun cika hanya, motar ta riƙa kutsawa tana hon ba mai kula ta.

A kan iyaka abin da ya faru har yau ban gane hikimarsa ba. Ni na yi allurar riga-kafin da ake nema tun a Dutse, katina da sauran takarduna suna cikin leda biyu. Alhaji kuwa nasa katin allurar ya bar shi a aljihun wata riga. Da muka isa wajen jandarmomin Nijar sai ya fara yi musu wasan Kanawa da Damagarawa, ya ce ya zo duba bayinsa ne. Suka yi ta dariya suna ce masa ɗan kasuwar kanzo, suka ce ya wuce. Ni da nake da komai, ina ta laluben leda gumi yana zuba, aka ce in koma gefe.

Wani jami'in duwan, wato kwastan nasu, ya nuna zanen da baki ya ce, "Mi ke ciki?"

Na ce geji ne. Ya ce na auna mene ne. Na ce ƙarfin ruwa. Ya ce bai taɓa jin ruwa yana da ƙarfi ba sai a rafi, a nuna masa. Dole aka sauke akwati, aka haɗa famfo, Alhaji ya toshe bakin tiyo, aka zuba ruwan butar jami'in. Na buga kaɗan, allurar gejin ta miƙe. Abin ya burge shi har ya kira abokansa. Da aka ce in saki, don ruɗewa sai na buɗe mashaƙar famfon tana fuskantarsa, ruwan ya feshe masa wando da takalmi. Na ce shi ke nan, yau a ɗakin duhu zan kwana. Ya dubi wandonsa ya dube ni ya ce, "Yau kam Nijeriya ta kawo mana ruwan sama." Ya buga mana hatimi.

Daga nan a-kori-kura muka hau. Hanyar Dungas yashi ce, tafiyar rabi hawa ce rabi turi. Muka kwana a wata rumfar tasha a hanya, washegari gab da magariba muka shiga garin.

A tasha wani dogon dattijo ya tare mu, sanye da shuɗin kayan aiki da wanki ya koɗar, kan yatsansa ɗaya babu. Sunansa Malam Isufu, ni Baba nake ce masa. Alhaji ya ce kamfani ya ce akwai masauki. Baba Isufu ya ce, "A garin nan maƙeri ba ya kwana a ɗakin haya alhali akwai maƙeri. Ko da Bakano ne, sai dai mu ƙirga cokulanmu da safe." Alhaji ya ce, "Wane cokali gare ku? Ai mu muka koya muku cin tuwo da miya." Haka suka tafi suna yi har ƙofar gida.

Ya sauke mu a zaurensa. Abin da na fara lura da shi shi ne ruwa. A can ruwa ba abin wasa ba ne, a kan jakuna ake kawo shi daga rijiyoyin bayan gari, kuma yana da ɗan ɗanɗanon kanwa. Aka kawo mana buta ɗaya mu biyu. A garin nan ne na fara yin alwala sau ɗaya tak in miƙe, ba don na warke ba, don kunya.

Aka kawo tuwon gero miyar kuka, man gyaɗa yana kwance a kai. Hannuna yana cikin akushi na tambayi Baba Isufu wane ne ya yi aikin bututan da za mu gwada.

Ya ce, "Ni ne."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya ce tsofaffin bututan sun ruɓe, har mata suka fara ƙorafi man yana tartsatsi a kasko yana saurin lalacewa. Shi ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya sa sababbi. Shugaban kamfanin, wanda suke kira mushe darakta, wato yallaɓai darakta a Faransancinsu, yana ganin ya tsufa da irin wannan aiki, akwai kuma wani saurayi mai takardu daga Yamai da ke jiran wurin. Sun yi magana a gaban mutane: in gwaji ya nuna yoyo ko a baki ɗaya, Baba Isufu zai ajiye aiki.

Lomar da ke hannuna na rasa inda zan kai ta. Da ya shiga cikin gida na ce wa Alhaji, "Anya ya halatta mu ci tuwon mutumin da muka zo auna aikinsa?" Alhaji ya ce, "Ai ka riga ka ci. Miƙo ruwan."

Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, da gahawa da madara a kwano. Alhaji ya ce a ajiye masa nasa ya kai gida, akwai karen maƙwabta da ya dame shi. A hanyar kamfani, wanda su luzin suke ce masa, na ga mata suna tuƙa ƙananan babura da kansu, har da mai goyo. A gida da an taru kallo, ballantana yanzu da ake ta maganar shari'a. A can ba wanda ya ɗaga kai. Wani abin kuma, duk ma'aikacin da ya shigo sai ya bi kowa ya ba shi hannu, tun daga maigadi har mai shara, kullum. Sannan da rana ta take sai a busa jiniya, a kulle luzin ɗungurungum, kowa ya tafi gida ya kwanta, ba a dawowa sai wajen la'asar. Mu a gareji in ka kwanta da rana sai a ce zazzaɓi ne.

Injin an fito da shi tsakar fili don aikin, an kwance murafen ƙarshensa, faifan ƙarfen duka biyu a buɗe suke. Gwajin ba shi da wuyar faɗa. A cika gangar da ruwa, a buɗe mashaƙar sama har iska ta fita sarai, don iskar da ta maƙale takan ruɗa geji, in abu ya fashe kuma ita ke yin ɓarna. Sannan a buga famfo har allura ta wuce ƙarfin da injin yake aiki da shi da rabi. A rufe, a jira. Ana duban abu biyu: allurar kada ta sauka, faifan kuma kada ya jiƙe. Bakin da ya yi hawaye a zagaye shi da alli.

Alhaji ya so a yi da sanyin safiya, amma ruwa ya ƙi isowa. Masu jakuna sun tarar da layi a rijiya, suna zuwa ɗai-ɗai, ganga kuwa cikinta ba ya ƙoshi. Kafin ta cika rana ta ɗaga, ƙarfen ba ya taɓuwa. Alhaji ya gaya wa darakta rana tana kumbura ruwa, gara a bari sai gobe. Daraktan mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya. Ya ce luzin ya daɗe a tsaye, masu gyaɗa suna jira, shi kuma yana da tafiya. A yi yanzu. Alhaji ya ce to.

Na buga famfo har allura ta kai inda Alhaji ya nuna da farce. Aka rufe. Na ɗauki alli na fara bin bakunan layi-layi, daga sama zuwa ƙasa, na koma ɗaya ƙarshen na yi haka, na dawo na sake. Ma'aikata sun kewaye mu. Baba Isufu yana tsaye a nesa, hannayensa a baya. Faifan a bushe yake ƙayau. Allura ba ta sauka ba, sai ma ɗan hawa da ta yi.

A zagaye na uku na ga wani abu. A layin ƙasa ta wajen dama, a gindin wani baki, akwai wani farin zobe siriri, bai kai faɗin zare ba. Na taɓa, babu laima. Na goge da yatsa ya fita. Na je ɗaya ƙarshen na dawo, sai na ga kamar ya fara komowa, kamar kuma bai fara ba. Ina durƙushe ina kallonsa aka busa jiniya.

Darakta ya dubi geji ya dubi Alhaji. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka ga ruwa?"

Na ce, "Ban ga ruwa ba." Gaskiya na faɗa.

Darakta ya ba Baba Isufu hannu a gaban kowa, ma'aikata suka yi ta murna. Alhaji ya saki ƙarfin, ya ce ruwan a bar shi a ciki sai gobe in za a mai da murafe. Matan unguwa da suka taru a bakin ƙofa da bokitai don kwasar ruwan aka ce su dawo da safe.

Da yamma Baba Isufu ya sa aka yanka zabo. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya jawo gawayi ya ɗora shayi. Shayinsu dahuwa uku ake yi, baƙo ba ya tashi sai ya sha na ukun. Ni tun rana zoben yana gabana. Na tuna maganar malaminmu, na ce wa kaina wannan irin na kwaɗo ne, ba a aiki da shi. Ban ga ruwa ba, allura ba ta sauka ba, manya sun gamsu, ni wane ne? Na yanke shawarar yin shiru. Sai dai bakina ya yi shiru, hannuna ya ƙi zuwa kwano.

Baba Isufu ya ce, "Ɗana, zabon bai yi ba ne? Ko a Dutse sai an nuna maka takardar yankansa?"

Na ce ya yi. Ya miƙo mini shayin farko ya ce, "Tun da aka busa jiniya fuskarka take kamar ta wanda ya bar tukunya a wuta. Mene ne?"

Alhaji ya taka mini ƙafa. Na ce, "Ba komai ba ne, Baba. Wani ɗan fari ne na gani a gindin baki ɗaya, kamar gari. A bushe yake. Halina ne, kowa ya sani."

Ya ce, "Fari yaya? Ɗigo ko zobe?"

Na ce zobe.

"Ka goge ya dawo?"

Na ce ban tabbata ba.

Ya yi ta juya shayi daga kofi zuwa buta, daga buta zuwa kofi. Can ya nuna butar alwala da ke gefe ya ce in duba bakinta. Na duba, akwai farin abu kewaye da shi. Ya ce, "Ruwan rijiyoyinmu ke nan. Duk inda ya tsatso ya bushe sai ya bar sawunsa. Ƙarfen nan ya yi zafin da ɗigo ba zai tsaya a kai ka gan shi ba."

Alhaji ya ce, "Malam Isufu, yaron nan ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Mai yiwuwa tun wajen cikawa ruwa ya fantsama a wurin. An gwada a gaban darakta, an wuce."

Baba Isufu ya ce, "Mai yiwuwa. Kai da kanka ka ce rana tana kumbura ruwa. In ta kumbura shi daidai da abin da yake zuba, allura me za ta ce?"

Alhaji ya miƙa hannu ya karɓi shayinsa. Muka sha na biyu, muka sha na uku. Hirar da aka yi bayan nan ta tsadar gero ce.

Da safe bayan an gama zagayen ba da hannu, Baba Isufu ya tari darakta yana fitowa daga mota, ya ce yana son a sake gwaji kafin rana ta fito sosai. Darakta ya ce ai an gama. Baba Isufu ya ce shi bai gamsu ba. Darakta ya dube shi ya ce, "Isufu, ka tuna maganarmu? Ba ta tashi ba fa." Ya ce, "Na tuna, mushe."

Ruwan ya kwana ya huce. Aka kafa zana aka yi wa injin inuwa. Na buga famfo, aka rufe. Ba a daɗe ba allura ta fara sunkuyowa a hankali, sai ka kawar da kai ka dawo za ka gane. Na tafi layin ƙasa ta dama. A gindin bakin nan wani ɗigo ya tsatso, ya yi girma kamar ƙwayar gero, ya gangaro ya bar layi a kan faifan. Wani ya biyo shi.

Alli yana hannuna, na kasa ɗaga shi. Baba Isufu ya durƙuso kusa da ni ya duba, ya ce, "Zagaye mana. Aikin da ya kawo ka ke nan." Na zagaye. Ya ce in ci gaba da sauran kamar yadda na yi jiya. Na sami wasu biyu, duk a layin ƙasa, inda mutum sai ya kwanta rub da ciki kafin ya riƙe rola daidai.

Darakta ya zo ya ga zagayen allin, ya juya ya koma ofis.

Alhaji ya saki ƙarfin, Baba Isufu ya ɗauko rolarsa. Gyaran baki yana son haƙuri: in ka buɗa kaɗan bai kama ba, in ka zarce bututun ya yi siriri ya tsage, maƙwabtansa kuma su saki. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta, yana juyawa kaɗan ya tsaya, ya sa yatsa ya shafa ciki, ya ƙara. Aka busa jiniyar rana bai tashi ba. Maigadi ya zo da makullai ya ce tun da yake bai taɓa kulle mutum a ciki ba, bai kuma taɓa barin ƙofa a buɗe ba. Daga baya ya zauna a inuwar zana yana gyangyaɗi, makullan a cinyarsa. Alhaji ya riƙe fitila yana haska cikin bututun, yana cewa, "A hankali, Badamagare, ba rijiya kake haƙa ba." Baba Isufu ya ce, "Riƙe fitilarka, ko ita ma sayarwa za ka yi?"

Washegari da sanyin safiya aka yi gwaji na uku. Allura ta tsaya cak kamar an zana ta. Na bi bakunan har Alhaji ya ce ya isa haka, za ka cinye faifan da ido. Babu ɗigo, babu zobe. Aka buɗe ƙasa, mata suka jera bokitai. Na ce musu ruwan yana da tsatsa kada a sha, wata ta ce, "Mun gode, likita, wanki za mu yi."

Baba Isufu ya raka mu tasha. Muna jiran mota ta cika na ja shi gefe na durƙusa na ce ya yafe mini. Na ci tuwonsa, na kwana a zaurensa, na zama sanadi.

Ya ce, "Tashi, mutane suna kallo. Miyar da ka ci a gidana, man da ke kanta daga ina kake zaton ya fito? Jikokina shi suke ci."

Na ce, "Da na yi shiru fa, Baba?"

Ya ce, "Da ka bar mini zabona ya yi asara. Ka ga mota tana tashi."

Komowa ba ta da labari sosai. Jami'in duwan ɗin nan ya gane ni, ya ja da baya ya ce yau wandonsa sabo ne. A Gumel muka sake zaman jiran fetur. Burodin Alhaji ya iso Dutse lafiya, yana rataye a gareji har yanzu, ko ɓera bai taɓa shi ba. A hanya sau ɗaya Alhaji ya taɓo maganar. Ya ce shi ma allurar da ta hau a ranar farko ba ta kwanta masa ba, amma ya ga tsohon ya sami hannun darakta, sai ya kawar da kai. Daga nan ya koma barci.

Bayan an yi girbi Ɗanjuma direba ya tsaya a ƙofar gareji. Shi ya gaya mana an sallami Baba Isufu a ƙarshen wancan watan, kamar yadda suka yi magana. Saurayin Yamai ya kama aiki, an ce shi ma ba laifi. Baba Isufu yanzu ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana gyaran injin markaɗe da amalanke. Injin sanyaya mai yana aiki, ƙorafin mata ya ɗauke.

Na ɗauko maganar malaminmu na juya ta, na kasa gane ko na bi ta ko na saɓa mata. Da na je Aujara na tambaye shi, ya ce shi alwala ya yi mini magana a kai, bai san komai game da bututu ba.

Kafin Ɗanjuma ya tashi ya shiga gaban mota ya fito da kwalba cike da man gyaɗa, an toshe bakinta da totuwa. Ya ce Baba Isufu ne ya ba shi ya kawo mini, na luzin ne, a kasuwa ya saya kamar kowa. Saƙon da ya haɗo da shi shi ne, in ɗaga ta a rana in duba gindinta, in akwai ruwa zai kwanta a can, kuma in duba sau uku in na so, ba mai busa mini jiniya.

Na fita tsakar rana na ɗaga ta. Man garau yake tun daga wuya har gindi. Na kai wa maiɗakina, aka yi miya da shi a ranar.

Abin da na gani a tafiyar ke nan. Inda na yi kuskure Allah ya yafe mini, Baba Isufu kuma Allah ya sa wa rumfarsa albarka.